Daga Jazira zuwa Jazira

Tsibirin da ba tsibiri ba

Yara, ku buɗe taswirar Afirka. Ku ɗora yatsa a kan Yamai, ku ja shi gabas. Ku wuce Maraɗi, ku wuce Damagaram, ku ƙetare Tafkin Cadi, ku ratsa ƙasar Cadi duka. To, kun shigo Sudan. Ku ci gaba har ku tarad da koguna biyu da suka haɗu suka zama ɗaya. Na yamma shi ne Farin Nilu. Na gabas shi ne Shuɗin Nilu, wanda ya fito daga tafkin Tana na ƙasar Habasha. A birnin Khartum suka gamu.

Ƙasar da ke tsakanin kogunan nan biyu ana kiranta Jazira. Da Larabci, jazira tsibiri ke nan. Amma tsibiri na gaskiya ruwa ne ke kewaye shi ko ta ina, kamar tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara kusa da Gaya. Jazira kuwa ruwa gabas, ruwa yamma, amma ta kudu ƙasa ce shimfiɗe. Suna ne kawai ya bi ta.

In kuka shiga ƙauyukan Jazira da na bakin Shuɗin Nilu, za ku ji ana cewa "Ina kwana?" ana amsawa "Lafiya lau." Hausawa ne. Yaya aka yi suka zo nan?

A shekara ta 1903 Turawan Ingila suka yaƙi Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ya rasu a wurin. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja sauran jama'a, Fulani da Hausawa, suka yi gabas. Suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu da garin Sinnar kaɗan. Garin da suka kafa har yau sunansa Mai Wurno. Wasu kuma hanyar hajji ce ta kawo su. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe manyan gonakin auduga a Jazira. Matafiyi sai ya tsaya ya yi aikin gona, ya tara kuɗin jirgi, sa'an nan ya wuce. Wasu sun wuce. Wasu ba su wuce ba.

Kuɗin ƙosai

A wani ƙauye da ke gabas da kogi, ƙetaren Mai Wurno, akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai. Kowa Kaka yake ce mata. Kakanta ya baro Katsina da ƙafa da niyyar hajji. Da ya kawo bakin kogin nan sai guzuri ya ƙare, ya tsaya noma. Ya ce baɗi zai wuce. Baɗi ta zo, ya ce baɗin baɗaɗa. Har Allah ya yi masa rasuwa bai ga Ka'aba ba. Ɗansa ma haka.

Kaka ta ce ita sai ta cika wannan niyya. Shekara da shekaru tana suya, tana zubin adashi, tana kiwon awaki. A shekara ta 2019 kuɗi suka cika, nata da na babban ɗanta da zai raka ta. Tana kuma da ƴar'uwa a Maraɗi, wadda yaran gidan ke kira Gwaggo. Ba su taɓa ganin juna ba, sai dai murya ta wayar tarho. Ita ma Gwaggo ta sami kujera a shekarar. Suka yi alkawari su sadu a Makka.

Makka tana cikin ƙasar Larabawa, wadda su kansu suke kira Jaziratul Arab. Ita ma ba cikakken tsibiri ba ce: ruwa ta gefe uku, ƙasa ta arewa. Ashe Kaka daga jazira za ta tashi, jazira za ta sauka. Tsakaninsu akwai teku, wato Bahar Maliya.

Ta ruwa ko ta sama?

Wata rana da dare Baba ya shimfiɗa tabarma, ya kira autansa, ɗan aji biyar, ya ce ya zo da alƙalami da takarda.

Baba ya ce, "Inna, hukumar alhazai tana da jeri biyu: alhazan sama da alhazan ruwa. Gobe zan je in rubuta sunanmu. Wanne kike so?"

Auta ya yi wuf ya ce, "Sama! Malaminmu ya ce daga Khartum zuwa Jidda bai kai awa biyu ba."

Kaka ta harare shi ta ce, "Kai maigida, da kai za a je ne? Bari mu ji lissafi tukuna."

Ga abin da suka auna.

Jirgin sama ya fi sauri nesa ba kusa ba. Daga Khartum zuwa Jidda bai cika kilomita 1,000 ba, jirgin kuwa yana cin kimanin kilomita 800 a awa guda. Amma kuɗinsa ya fi yawa. Kaya kuma sai an ɗora su a ma'auni, abin da ya haura nauyin da aka yanka sai an biya. Kafin a hau shi ma sai an yi tafiyar kilomita 300 a mota daga Sinnar zuwa Khartum.

Jirgin ruwa yana tashi daga Sawakin, a bakin Bahar Maliya. Daga nan zuwa Jidda kilomita 300 ne da ɗoriya, amma sai ya yi kamar awa 12, domin tafiyarsa ba ta fi ta mai keke mai ƙwazo ba sosai. Kuɗinsa ya fi sauƙi, yana ɗaukar kaya da yawa, mutum yana iya miƙe ƙafa ya kwanta, ya tashi ya yi salla a tsaye. Wahalarsa tana tudu: daga Sinnar zuwa Sawakin ya zarce kilomita 1,000.

Kaka ta yi shiru. Can ta ce, "Rarar kuɗin za ta ishe ni hadaya da tsarabar jikoki. Kuma kakana ta Sawakin ya yi niyyar bi. Rubuta ruwa."

Ku lura, yara, ba ta ce jirgin ruwa ya fi jirgin sama ba. Gwaggo da ke Maraɗi ba ta da wannan zaɓi: tsakanin Yamai da Jidda akwai kimanin kilomita 4,000, sai sama. Kowa da inda yake, da abin da ke aljihunsa, da ƙarfin jikinsa.

Lissafi daga ƙarshe

Bayan kwanaki aka ba su takarda: jirginsu zai tashi daga Sawakin ranar Alhamis da yamma, motar ayarinsu kuma za ta bar Sinnar ranar Talata da asuba.

Auta ya ɗauko takardarsa ya fara rubutu daga sama: "Ranar tashi daga gida..."

Baba ya ce, "Tsaya. Ba daga nan ake farawa ba. Fara daga ƙasan takarda."

"Don me, Baba?"

"Gaya mani, in mun makara, jakinmu zai jira mu?"

"Zai jira."

"Mai kwalekwale fa?"

"In an roƙe shi zai ɗan jira."

"Motar ayari?"

Auta ya yi tunani ya ce, "Wataƙila rabin awa."

"To jirgin ruwa mai ɗauke da mutum ɗaruruwa?"

"Ba zai jira ba."

"Ranar Arfa fa?"

Auta ya yi dariya ya ce, "Wannan ko sarki ba ta jira."

Baba ya ce, "Madalla. Abin da ba ya jira shi ake fara rubutawa. Sauran duka su bi bayansa."

Wannan ita ce babbar dabarar shirya doguwar tafiya. Tafiyar da ta haɗa jaki da kwalekwale da mota da jirgi kamar sarƙa take. In zobe ɗaya ya ɓalle, duk na gabansa sun zube. Saboda haka ana fara kafa ranar da ba ta motsi, sa'an nan a riƙa komawa baya ana tambaya: kafin wannan, ina ya kamata in kasance, kuma da ƙarfe nawa?

Auta ya rubuta daga ƙasa zuwa sama. Alhamis da yamma, jirgi ya tashi. Alhamis da safe, a kasance a tashar jiragen ruwa, domin duba fasfo da kaya na mutane masu yawa yana cin yini. Laraba, a isa Sawakin. Talata da asuba, mota ta bar Sinnar. Litinin, a ƙetare kogi a kwana a Sinnar.

Ya ce, "Shi ke nan, ranar Litinin za ku tashi."

Kaka ta ce, "Maigida, leƙa waje ka gaya mani, wane lokaci muke ciki?"

"Damina."

"To, ƙara mana kwana ɗaya."

Kaka ta yi gaskiya. Shekarar Musulunci kwana 354 ce, ta gaza shekarar rana da kwana 11. Shi ya sa aikin hajji yake zagayawa, wani lokaci cikin ɗari, wani lokaci cikin bazara. A 2019 ranar Arfa ta faɗo 10 ga Agusta, tsakiyar damina. A lokacin ruwan duwatsun Habasha yake gangarowa, Shuɗin Nilu ya cika ya yi jawur da laka, ya riƙa ɗauko itatuwa. Ƙasar yankin kuma baƙar laka ce, irin wadda ke riƙe ƙafar mota kamar danƙo. Hanyar kwalta tana yamma da kogi, ta bi ta Mai Wurno. Ƙauyen su Kaka yana gabas. Sai an ƙetare.

Auta ya goge Litinin ya rubuta Lahadi. Wannan kwana da aka ƙara ba shi da aiki. Kwanan ko-ta-kwana ne.

Akwai kuma abubuwan da ke can sama da takardar, tun kafin ranar tashi. Allurar sanƙarau da ta shawara dole a yi su aƙalla kwana 10 kafin a isa, in ba haka ba katin allura ba ya aiki. Fasfo dole ya kasance da sauran wata 6 kafin ya mutu. Baba ya sa aka ɗauki hoton kowace takarda, ya ba Kaka ɗaya, ya riƙe ɗaya, ya bar ɗaya a gida. Kuɗi ma ya raba su gida biyu. Magungunan Kaka da takardu da harami ya sa su cikin ƙaramar jakar hannu, domin babbar jaka tana iya yin nata yawon.

Hanya

Ranar Lahadi da hantsi suka sauka bakin kogi. Maƙwabcinsu, wanda shi ma yana cikin ayarin, ya zo sallama. Ya ce, "Alhaji, saurin me ake? Ni sai gobe. Ina da sauran shara a gona."

Baba ya ce, "Allah ya kai mu goben."

Mai kwalekwale ya ƙetarar da su. Suka hau mota a Mai Wurno, suka sauka gidan dangi a Sinnar. Daren nan aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye kogi ya haukace, masu kwalekwale suka ɗaure jiragensu suka ce yau ba mai shiga. Maƙwabci ya rasa ta yi. Sai ya ɗauki hayar motar noma, ta bi da shi cikin laka ta gabas, ya zagayo ta kan madatsar ruwa. Ya iso Sinnar tsakar dare, jiƙe sharkaf, kuɗin tsarabarsa rabi sun tafi. Ya sami motar, amma da ƙyar.

Talata da asuba suka ɗau hanya. Ku bi su da yatsa a kan taswira. Daga Sinnar suka yi arewa zuwa Wad Madani, babban birnin Jazira. Nan suka hau gada suka ƙetare Shuɗin Nilu, suka bar Jazira a baya. Suka yi gabas zuwa Gadarif, ƙasar dawa da riɗi, inda gona ɗaya ido ba ya ganin ƙarshenta. Suka ƙetare kogin Atbara a Khashmul Girba, suka isa Kasala, garin da ke gindin duwatsun Taka masu santsi kamar an wanke su. Nan suka kwana. Laraba suka miƙe arewa cikin ƙasar Beja masu raƙuma. Ciyawa ta ƙare, sai dutse da rairayi. Suka wuce Haiya, suka wuce Sinkat, mota ta riƙa gangara tana kwana-kwana tsakanin duwatsu. Can sai iska ta canja, ta yi nauyi, ta yi ɗumi, da ƙanshin gishiri.

Kaka ta leƙa ta taga ta ga ruwa shuɗi ba iyaka. Ta ce, "Ikon Allah! Wannan kogi ina ɗaya gaɓar tasa?"

Sawakin

Ga tsibiri na gaskiya. Tsohon garin Sawakin yana kan wani ɗan tsibiri ne mai zagaye kamar faifai, cikin wani lungu na teku inda igiyar ruwa ba ta kai wa jirage. Wata gajeriyar hanya ce ta haɗa shi da tudu. Gidajensa da duwatsun murjani aka gina su, waɗanda ake haƙowa daga teku, hawa biyu, hawa uku. Ɗaruruwan shekaru ta nan alhazan ƙasashenmu suke bi. Sukan shiga jiragen katako masu filafilai, iska ce ke tura su. In iska ta yi kyau a isa cikin ƴan kwanaki. In ta ƙi, a yi ta jira.

Da manyan jirage masu inji suka zo, mashigar Sawakin ta yi masu ƙunci. Sai aka gina sabuwar tasha a Bur Sudan, kimanin kilomita 60 arewa, aka buɗe ta a 1909. Fatake suka kwashe suka koma can. Gidajen murjani suka rasa masu gyara, suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. A 1991 aka buɗe wata tasha kusa da tsohon garin, aka sa mata sunan Usman Digna. Daga nan jiragen fasinja da na dabbobi suke tashi zuwa Jidda.

Alhamis da safe su Kaka suka shiga layi. Aka duba fasfo, aka duba katin allura, aka karɓi manyan kaya. La'asar ta yi, magariba ta yi, ba a kira su ba. Sai shugaban ayari ya zo ya ce jirgin bai gama sauke kaya ba, sai gobe.

Kun gani? Jirgi ba ya jiran mutum, amma mutum yana jiran jirgi. Wannan ba adalci ba ne, amma haka abin yake a kowace tasha ta duniya. Waɗanda suka cinye guzurinsu a hanya suka shiga saye da tsada. Kaka ta kwance ƙullinta: dabino, ƙuliƙuli, busasshiyar gurasa. Ta ba maƙwabci nasa rabo, ba ta ce masa komai ba game da sharar gona.

Wani saurayi ya yi ta faɗa, wai me ya sa ba za a cusa su cikin wani jirgin da ke shirin tashi ba. Ma'aikaci ya ce masa jirgin ya cika. Kowane jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka, akwai ma layi da ake zanawa a jikinsa wanda bai kamata ruwa ya rufe ba. Abin da ya faru daga baya a wannan tasha ya nuna dalili. A watan Yuni na 2022 wani jirgi da aka yi don tumaki 9,000 aka ɗora masa 15,800. Bai ko fita tasha ba ya kife. Ma'aikatansa sun tsira, amma tumakin kusan duka sun halaka.

Juma'a da yamma jirginsu ya yi ƙara ya tashi. Kaka ta ɗan ji jiri da farko. Wata mata ta ce mata ta zauna tsakiyar jirgi, inda rawarsa ba ta da yawa, ta riƙa kallon nesa. Ta yi haka, ta samu sauƙi. Malamin ayari ya tara su ya yi masu bayanin harami. Ya ce malaman fiƙihu da yawa sun ambaci Sawakin da sunanta: wanda ya taso daga nan ya miƙe zuwa Jidda ba ya bi ta kan wani miƙati, saboda haka a Jidda yake ɗaura harami. Da asuba suka hango fitilu jere a bakin ruwa.

Agogo uku

Saura haɗuwa da Gwaggo. Ita ta bar Maraɗi a mota, ta yi kimanin kilomita 660 zuwa Yamai, ta hau jirgin sama. Cikin awa 6 ta sauka. Wadda ta fi nisa ta riga isa.

Amma an so a yi saɓani. Tun a gida sun yi magana ta waya cewa za su kira juna da ƙarfe 8 na safe. Takwas ɗin wa? Rana daga gabas take fitowa, saboda haka ƙasashen gabas suna riga na yamma ganin safiya. In agogon Maraɗi ya nuna ƙarfe 8, na Sinnar yana nuna 9, na Makka yana nuna 10. Auta ne ya gano wannan tun ranar da suke lissafi, ya rubuta a ƙasan takardar Baba da manyan baƙaƙe: IN KUN SAUKA JIDDA KU ƘARA AWA ƊAYA. Lokacin da ake rubutawa a tikiti kullum na garin da ake magana a kansa ne: na tashi agogon garin tashi, na sauka agogon garin sauka.

Daga Jidda zuwa Makka bai kai kilomita 100 ba. Kwana biyu bayan haka, a ƙofar wani masauki, wasu tsofaffi biyu suka rungumi juna suna kuka. Ɗaya tana cewa "ƙarfe takwas", ɗaya tana cewa "sa'a tamanya", amma duk Hausa ce.

Takardar bara

Auta ya adana takardar nan cikin littafinsa. Amma da wani zai ɗauke ta ya bi bayan shekara huɗu, da ta ɓatar da shi. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan. Aka rufe filin jirgin sama na Khartum, jirage suka koma tashi daga Bur Sudan. A watan Disamba na shekarar yaƙin ya kai Wad Madani, a 2024 ya kai yankin Sinnar, mutane da yawa suka bar gidajensu, har da Hausawan ƙauyukan nan. Hanyar da su Kaka suka bi cikin kwana biyu ta yanke. Jiragen ruwan Bahar Maliya kuwa, ban da alhazai, suka riƙa kwasar masu gudun yaƙi zuwa Jidda. Saboda haka mai shirin tafiya ba ya dogara da abin da aka gaya masa bara. Yakan sake tambaya: hanyar tana nan? jirgin yana tashi? wace rana?

Ba alhazai kaɗai ke wannan lissafi ba. Ku koma taswira, ku ja yatsa yamma wannan karo, har ku faɗa teku bayan Dakar. Akwai ƙasar Kap Ber, tsibirai 10, mutane suna zaune a 9. Can in yaro zai je gaida kakarsa, wataƙila sai ya hau jirgin sama da na ruwa duka. Tsibirin Santo Antawo, alal misali, jirgin sama ba ya sauka a cikinsa. Sai mutum ya sauka a tsibirin San Bisente, ya je tashar garin Mindelo, ya hau jirgin ruwa na kamar awa ɗaya. In jirgin samansa ya sauka bayan jirgin ruwa na ƙarshe ya tashi, to, ya nemi wurin kwana. Yaron Kap Ber ma daga ƙasan takarda yake fara rubutu.

Kalmomi

tsibiri : une île
ƙasar da ruwa ya kewaye ta gefe uku : une presqu'île
teku : la mer
kwalekwale : une pirogue
jirgin fito : un bac
jirgin ruwa : un bateau
jirgin sama : un avion
tashar jiragen ruwa : un port
filin jirgin sama : un aéroport
madatsar ruwa : un barrage
katin allura : un carnet de vaccination
bambancin agogo : le décalage horaire
guzuri : les provisions de route

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kiran Jazira da wannan suna? Tsibiri ce ta gaskiya?
2. Wane ne ya kafa garin Mai Wurno? Me ya fito da shi daga ƙasarsu?
3. Kawo dalilai biyu da suka sa Kaka ta zaɓi jirgin ruwa. Kai da wanne za ka zaɓa? Don me?
4. Me ya sa Baba ya ce a fara rubutu daga ƙasan takarda?
5. Me ya sami maƙwabci? Me ya kamata ya yi?
6. Me ya sa gidajen Sawakin suka rushe?

Lissafi

a) Mu ɗauka jirgin ruwa ya yi kilomita 324 cikin awa 12. Kilomita nawa yake yi a awa guda?
b) Jirgin da aka yi don tumaki 9,000 an ɗora masa 15,800. Tumaki nawa aka ƙara masa?
c) Jirgin sama ya tashi daga Yamai da ƙarfe 9 na safe, ya yi awa 6 a sama. Ƙarfe nawa agogon Jidda zai nuna in ya sauka?
d) Za a isa Jidda ranar 27 ga wata. Wace rana ce ta ƙarshe da za a iya yin allura?

Aiki

Ku zana taswirar tafiyar Kaka. Ku ja layin mota da ja, layin jirgin ruwa da shuɗi, layin jirgin Gwaggo da baƙi. Ku rubuta sunan kowane abin hawa da Hausa da Faransanci.

Ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku da suka je hajji: ta ina suka bi, kwana nawa suka yi, me suka manta a gida? Ku rubuta amsar cikin jimla biyar, ku kawo gobe.